Cikakkun maƙaloli don bita mai tsari: ta ina kuke samo su a Yamai?

Ɗalibar dokta: Assalamu alaikum malamaina. Bayan an tace take da taƙaitaccen bayani a Rayyan, manhajar tace maƙaloli, a bitata mai tsari (systematic review, wato tattara duk binciken da aka yi kan tambaya ɗaya a tantance), maƙala 140 suka rage, kuma dole a karanta kowace daga farko har ƙarshe. Rabinsu a kulle suke, sai an biya. Me ya yi muku aiki?

Mai kula da ɗakin karatu: Wa alaikumus salam ƴata. Kada ki biya ko dala. Nijar tana rukunin A na Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun kimiyya, wato jami'ar da ta yi rajista kyauta take shiga. A cikin sassansa, Hinari na lafiya ne, tun 2002 yake. AGORA na noma, OARE na muhalli. Sunan shiga da kalmar sirri suna hannun shugaban ɗakin karatu, ki zo da katinki na ɗaliba.

Inda mutane ke tuntuɓe: sai su buɗe shafin mawallafi irin Elsevier ko Wiley kai tsaye, a nemi kuɗi, su ce Hinari ya lalace. Lafiyarsa ƙalau. Ta ƙofar Research4Life ake fara shiga, daga ciki a nemi mujallar, don mawallafi ya gane ta ina aka biyo. Ki riƙa duba adireshin da ke saman shafi; in sunan research4life ya ɓace, kin fita ke nan, koma ki sake shiga. Wani mawallafin kuma yakan cire wasu ƙasashe daga wasu mujallunsa, wannan ba abin da za mu iya yi a kai.

Roƙo ɗaya: ban da tura kalmar sirri a WhatsApp, ban da sauke fitowar mujalla sukutum. In aka toshe, jami'a duka aka toshe.

Malamin annoba: Alhaji ya gama magana, sai dai ni ɗakin karatu ba shi ne matakin farko ba. Zuba duka 140 a Zotero, manhajar adana maƙaloli, haɗe masu maimaici, zaɓe su gaba ɗaya, sa ya nemo PDF da kansa. Yana tambayar Unpaywall, mai nemo kwafin maƙala na kyauta, da DOI, wato lambar shaidar maƙala; wadda ba ta da DOI ko adireshin shafi zai tsallake ta, sai an cike da hannu. A yi da sassafe kafin intanet ya yi nauyi, kashi-kashi, ashirin ko talatin, don in wuta ta ɗauke a san inda aka tsaya. Ragowar a duba rumbunan maƙaloli na kyauta, PubMed Central da HAL. Abin da ya gagara shi ake kai wa Hinari.

A lura, wani lokaci abin da Unpaywall ke kawowa rubutun da mujalla ta karɓa ne, kafin gyaran ƙarshe. Lambar shafi takan bambanta, a rubuta wane aka karanta. Fayilolin ƙari kuma ba sa biyo PDF, alhali sau da yawa jadawalin da ake nema can yake.

Likita daga Tawa: Wahalar gaske ba mujallun turawa ba ne, namu ne. Pan African Medical Journal a buɗe take, a AJOL, rumbun mujallun Afirka, ma akwai da yawa. Amma tsofaffin fitowar mujallun yankinmu na Faransanci da kundayen kammala likitanci, wasu a takarda kawai suke, a kan kanta, bango ya yi ja da ƙurar hunturu. A gwada DICAMES, rumbun kundayen jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, tukuna. In babu, sai a je da ƙafa, a nemi izini, a ɗauki hoton babin hanyar bincike da na sakamako da waya, har da shafin farko mai ɗauke da shekara.

Malamin annoba: Marubuci ma a rubuta masa. Layi uku: take, DOI, da cewa don bita mai tsari ne. A tuna masa sau ɗaya bayan sati biyu. In imel ya dawo, a nemi sabon adireshinsa a maƙalarsa ta baya-bayan nan.

Ɗalibar dokta: Wadda ta gagara duk da haka fa, Malam? In cire ta?

Malamin annoba: Ba ta shiga cikin waɗanda aka cire da dalili, tunda ba a karanta ta ba. Zanen PRISMA 2020, wanda ke nuna yadda aka tace maƙaloli mataki-mataki, yana da akwatinta daban, na rahotannin da aka nema ba a samu ba. Buɗe jadawali tun yau: DOI, inda aka duba, ranar kowane imel. Masu tantancewa na mujalla sukan tambaya.