Neman shawara: mu yi wa ɗan majalisarmu kiranye ko mu jira zaɓe?

Sakataren Matasa:
Assalamu alaikum iyaye da yayye. Shawara nake nema a kan lamarin da ya raba kan ƙungiyarmu gida biyu.

Mazaɓarmu ta majalisar dokokin jiha ƙananan hukumomi biyu ta haɗa, tamu ce ƙarama. Wanda ke kan kujerar ɗan ɗaya ɓangaren ne, haka ma waɗanda suka gabace shi. A zaɓen 18 ga Maris 2023 mun yi masa ruwan ƙuri'u, saboda ya yi alkawarin tsayawa a saka gadarmu da asibitinmu a kasafin kuɗi. Tunda aka rantsar da shi ko ƙeyarsa ba mu sake gani ba. Ofishin mazaɓa a garƙame, waya ba ya ɗauka, kuma ba mu taɓa jin ya miƙe a zaure ya ambaci sunan yankinmu ba. Gadar nan idan damina ta kankama, mai naƙuda sai an zagaya da ita kafin a isa asibiti. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wasu sun ce kiranye, har sun fara buga takardun sa hannu. Wasu sun ce a nemi INEC ta raba mazaɓar mu samu tamu kujerar. Ni zuciyata ta fi karkata ga kiranye. Don Allah wanda ya san hanya ya haska mana.

Barista:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ku ƙara kashe ko sisi a buga takardu, ku karanta sashe na 110 na kundin tsarin mulkin 1999. Sharaɗin farko, sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke. Ka lura, masu rajista aka ce, ba waɗanda suka fito suka jefa ƙuri'a ba. Cikin rajistar nan akwai mamata da ba a goge sunayensu ba, akwai waɗanda suka yi ƙaura, akwai waɗanda ba su taɓa karɓar katinsu ba, kuma duk da su za a yi lissafin. Sannan INEC za ta tantance sa hannun. Idan an tsallake wannan, sai ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 da miƙa koken.

Dubi yadda ta kaya a baya. A 2018 da aka tantance sa hannun kiranyen Sanata Dino Melaye, waɗanda aka tabbatar ba su kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba. A 2025 INEC ta ce koken da aka kai kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan bai kai rabin da ake buƙata ba, maganar ta mutu a nan. Kuma kai da bakinka ka ce ku ne ƙaramin ɓangare. Ko kowa a yankinku ya dangwala, ba za ku kai rabi ba sai mutanensa sun ba ku hannu.

Batun raba mazaɓa ya fi wannan nisa. Sashe na 91 ya ɗaure adadin kujerun majalisar jiha da na 'yan majalisar wakilai da jihar ke da su, ninki uku ko huɗu, kada su gaza 24 kuma kada su haura 40. Kano mai ƙananan hukumomi 44 kujera 40 take da ita, shi ya sa dole aka haɗe wasu. Ko INEC ta sake shata iyaka, ba zai fara aiki ba sai Majalisar Tarayya ta amince kuma wa'adin majalisar da ke ci ya ƙare.

Ɗan Gwagwarmaya:
Barista, da girmamawa, irin wannan maganar ce ke kashe wa matasa gwiwa. Ko kiranyen bai yi nasara ba, ai zai ji tsoro ya dawo gida. Mu zauna mu naɗe hannu kenan?

Barista:
Ban ce ku naɗe hannu ba. Amma kiranyen da ya faɗi ƙarfi yake ƙara wa mai kujera, ya fito ya ce jama'a na tare da shi. Ƙarfin da za ku kashe wajen bin gida-gida neman sa hannu, akwai inda ya fi dacewa a kai shi.

Tsohon Kansila:
Ɗana, na daɗe a harkar nan, bari in faɗa maka inda ake rasa kujera. Ba ranar zaɓe ake rasa ta ba, ranar fid da gwani ne. Kundin tsarin mulki bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole sai jam'iyya ta tsayar da mutum. To idan manyan jam'iyyu duka suka ɗauko 'yan takararsu daga wancan ɓangaren, ku me ya rage muku ranar zaɓe? Sai dai ku zaɓi wanda zai manta da ku cikin mutum biyu.

Tambayata a gare ku: cikin 'yan ƙungiyarku mutum nawa ne ke da katin jam'iyya? Nawa ne ke cikin shugabannin jam'iyya na gunduma? A zaɓukan baya da aka yi fid da gwani da daliget, daga can suka fito. Idan 'yar tinƙe ce, sai mai rajistar jam'iyya ne zai shiga layi. Idan maslaha ce, a ɗaki ake gama ta, kuma wanda ba shi da akwatuna a bayansa ba a kiran sa ɗakin.

Abin da na ga yana aiki a mazaɓu irin taku shi ne karɓa-karɓa. Ba doka ba ce, kotu ba za ta tilasta ta ba, yarjejeniya ce tsakanin dattawan ɓangarorin biyu. Ana cin mata ne idan ƙaramin ɓangare ya nuna ƙuri'unsa dunƙulallu ne, duk inda ya karkata nan nasara take. Ku tattaro sakamakon 2023 akwati-akwati, ku ga da tazarar ƙuri'a nawa ya ci, kuma nawa ne daga wajenku. Idan ƙuri'unku sun fi tazarar, da wannan takardar za ku je gaban shugabannin jam'iyya, ba da kuka ba. Kuma ku tsayar da mutum ɗaya. Na sha ganin yanki ya fito da 'yan takara biyar, wancan ɓangaren ya fito da ɗaya, a wayi gari ana zargin maguɗi.

Malamar Makaranta:
Ni wani gefen nake so ku duba, ƙanena. Ɗan majalisa ba shi ke ba da kwangilar gada ba, wannan na gwamna da kwamishinan ayyuka ne. Nasa shi ne yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, tantance kwamishinoni, da bin diddigin yadda ma'aikatu ke kashe kuɗi. Saboda haka tambayar da za ku riƙe shi da ita ita ce: gadar nan ta shiga kasafi ko ba ta shiga ba? Ku nemo kasafin jiharku ku duba. Idan tana ciki ba a saki kuɗin ba, ya gaza wajen bin diddigi. Idan ba ta ciki, ya gaza tun a kwamiti. Kowanne da irin wasiƙar da ta dace da shi.

Kuma ba dole sai ta hannunsa ba. Ku rubuta koke zuwa ga kakakin majalisa ta ofishin akawu, ku haɗa da hotunan gadar da sa hannun masu unguwanni da limamai, ku karɓi kwafi mai hatimin shaidar an karɓa. Lokacin jin ra'ayin jama'a kan kasafi ku tura wakilai. Ina roƙon ku tafi da mata, don mu ne muke kwana da marasa lafiya a hanyar nan, kuma mu ne muka fi cika layi ranar zaɓe.

Barista:
Ƙari a kan maganar Malama. Majalisar jiha dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma sashe na 109 ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na zaman ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba zai rasa kujerarsa. Kakaki ne ke zartar da hakan, don haka kada ku sa rai da yawa. Amma rajistar halartar zama hujja ce mai nauyi a gaban jam'iyya. Sannan tun gyaran da aka yi a 2018, mai shekara 25 zai iya neman kujerar, matuƙar ya yi karatu zuwa matakin sakandare.

Sakataren Matasa:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na karanta wa 'yan kwamiti amsoshinku. Ba kowa ne ya haƙura da kiranye ba, amma mun dakatar da karɓar sa hannu. An naɗa masu nemo kasafi da sakamakon akwatuna, wasu kuma za su zagaya su san waɗanda suka cika shekara 18 ba su da kati. Baba Kansila, batun karɓa-karɓar nan, mu matasa ne za mu fara tuntuɓar dattawan wancan ɓangaren, ko mu bar wa namu dattawan?

Tsohon Kansila:
Ku bar wa dattawanku, ɗana, amma sai kun gama lissafin akwatunan kun ba su a hannu. Idan ka haɗa shi ka turo mini in duba kafin ku kai musu.