Ta ina koken ƴan wasa yake isa kunnen kamfani?

Ɗan Zariya:
Salamu alaikum ƴan uwa. Samarin Maradi masu buga Free Fire da eFootball kullum suna zuba koke a ƙarƙashin sanarwar Facebook, amsa kuwa shiru. Wace hanya ce ake bi a ji mutum?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam. Masu kula da shafin talla suke yi, gyara ba aikinsu ba ne. Shiga sashen taimako na Garena (kamfanin Free Fire) ko na Konami (kamfanin eFootball) ka cike takardar koke. Sa lambar asusunka, samfurin waya, sigar Android, ranar da abin ya faru, da gajeren bidiyo. In lu'ulu'u (kuɗin cikin wasan Free Fire) ka saya ta Google Play bai shigo ba, haɗa da lambar rasit mai farawa da GPA. Matsala ɗaya, takarda ɗaya. "Wasa ya lalace" kawai ba ya kai ko'ina, don injiniya sai ya iya maimaita matsalar kafin ya gyara. Asusun baƙo kuwa, wanda ba a ɗaure da Google ko Facebook ba, dawo da shi da wuya.

Na Bagalam:
Ƙari kaɗan, malam: eFootball kan rufe don gyara da safiyar Alhamis. Duba sanarwa kafin ka zagi rezo.

Hajiyar Manet:
Taron dangi ma yana tasiri. A Mayun 2024 ƴan wasan Helldivers 2 sun cika Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, da mummunan sharhi, Sony mai wasan ta janye tilasta asusun PlayStation cikin kwanaki. Amma ƙanena, wannan sai dubban mutane da buƙata guda bayyananna.