Musayar Waƙa: Dreams ta Dawu a Kofin Confederation

Malam Sani, Aboabo:
'Yan zango, ga baiti, kada ku ce ban tambaya ba.
Dreams ta Dawu a Gana, garin da ba kowa ya sani ba,
2023 ta ɗau kofin FA nan Kumasi, filin Baba Yara,
Biyu da nema ta ba King Faisal, ba mu manta ba.
Ta yaya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka,
Hearts da Kotoko na gida, ko fasfo ba su ɗauka ba?

Ɗan Asawase:
Baba Malam, lissafi ne, ga yadda ake bugawa:
Wasa biyu, gida da waje, ƙwallaye ake tarawa.
Milo ta Gini, ɗaya da ɗaya can, biyu da ɗaya a dawowa,
Kallon ta Saliyo ma da wannan adadi aka yi rabuwa.
A waje ka tsare gida, ka saci guda, ita ce hanyar wucewa.

Hajiya Rabi, Yalwa:
Ɗana, ka tsallake rukuni, nan aikin yake.
Club Africain, Rivers United, Lobito, uku ke nan a jere,
Wasa shida, biyu ke fita, Dreams ce a sama zaune.
Filin Dawu bai cika sharaɗin CAF ba,
Sai koci Karim Zito ya kwaso yaransa Kumasi, aron gida ne.
Zagaye na gaba, a Bamako John Antwi na Dreams ya zura biyu,
Stade Malien ta zo nan, kunnen doki, ta koma a gajiye.

Malam Sani:
Hajiya, to Zamalek ta Masar, wasan kusa da na ƙarshe fa? Canjaras a Alƙahira ba daɗi ba?

Alhaji Bawa, Sabon Zango:
Malam, canjaras ba ci tarko ne, in ka duba.
Ba ka da ƙwallon waje, ba ka riƙe komai ba.
Baƙo ya ci ɗaya a gidanka, biyu kake nema,
Ka tura 'yan baya gaba, ka bar ƙofa ba ka rufe ba.
Afrilun 2024 a Kumasi, kafin hutu biyu sun shiga ragar Dreams,
Uku da nema aka tashi, jama'a ba su so ba.
Zamalek ɗin ce ta ɗau kofin a hannun Berkane ta Maroko,
Wanda ya fitar da su dai ba ƙaramin abokin karawa ba.

Ɗan Asawase:
Alhaji, da a Alƙahira sun saci guda, da labari ya sauya.