Gida a cikin birnin Kano ko fili a bayan gari? Ku ba ni shawara

Dan_Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah mutanen cikin gari, ko wanda ya taɓa sayen gida a can, shawara nake nema. Dillali ya kai ni wani gida ta wajen Yakasai, ginin ƙasa ne amma an yi wa gabansa filasta, zaure ɗaya, ɗaki huɗu, da rijiya a tsakar gida. Ni a Kantin Kwari nake kasuwa, haya nake a Rijiyar Zaki kuma wlh kuɗin adaidaita da gosulo sun gama da ni, daga gidan nan kuwa da ƙafa zan ɓulla ta Ƙofar Mata in gangara kasuwa, ga asibitin Murtala ga kasuwar Rimi duk a nan kusa. Abu biyu ne ke min tsaye a rai: mota ba ta shiga lungun, sannan gidan gado ne, ko da yake dillalin ya ce duk magada sun yarda. Maiɗakina ita ta fi son a sayi fili a bayan gari a riƙa gini a hankali. Me kuka gani?

Baba_na_Koki:
Wa alaikumussalam. Ɗana, maganar mota ajiye ta tukuna, maganar gadon ita ce babba. Dillali ba magaji ba ne, shi la'adarsa yake hange. Ka ce a nuna maka takardar raba gado ta kotun Musulunci, ka san su nawa ne, maza nawa mata nawa, kuma kowa ya zo da ƙafarsa ya sa hannu gaban mai unguwa, daga nan a wuce wajen dagaci. Gidajen cikin gari wani tun kakan kaka ba a taɓa raba shi ba, sai ka biya kuɗi sannan wata gwaggo da ke aure a Gusau ko wani ɗa da ya daɗe a Saudiyya ya ɓullo. In akwai marayu ƙanana a ciki kuwa, kada ka yarda wani yayansu ya ce shi ya tsaya musu, a je kotu.

Kuma akwai shuf'a, wadda samarin yanzu ba su cika sani ba. A mazhabar Malikiyya, in dukiya ba a raba ta ba, wasu suka sayar da kasonsu, wanda bai sayar ba yana da haƙƙin ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe. A Risala an ce wanda yake gari in shekara ta wuce bai yi magana ba ya rasa, amma wanda ba ya nan haƙƙinsa na nan komai daɗewar tafiyarsa. Maƙwabci dai ba shi da ita. Ka tambayi kowane malami.

Maman_Hanif:
Ni a Mandawari aka haife ni, aure ne ya fitar da ni, to bari in faɗa maka abin da matarka take hangowa. Ruwa. Famfo sai ya ga dama, kurar 'yan garuwa kuma ba kowane lungu take shiga ba, in ya ga sai ya ɗauki jarka a hannu zai yi maka ƙarin kuɗi ko ya ce ya gaji. Rijiyar ma ka ɗanɗana, da yawa zartsi ne, wanki da wanke-wanke kawai. Sannan ka tuna naƙudar dare, da ƙafa za a tako da ita har bakin titi. Ga sa ido, ko tukunya kika canza an sani.

Amma fa gaskiya ina kewar gida. Yara su tafi allo su tafi islamiyya ba mai raka su, duk wanda ya gan su a hanya ya san 'ya'yan waye, in kika rasa gishiri ta katanga za a miƙo miki, ranar hawan Daushe kuwa ba ruwanki da neman abin hawa, wanka kawai za ki yi musu ku fita. Inda nake yanzu kowa ya ja get ya rufe, maƙwabciyata ta haihu sai ranar suna na ji. Ka kai ta ta ga lungun da idonta, ta shiga gidajen da ke kusa ta gaisa da matan, ita ce za ta wuni a ciki ba kai ba.

Magini_Kn:
Malam kada ka duba gidan ƙasa da rani, ka bari sai Agusta, ana gama ruwa ka je. Filastar nan da ta burge ka ni ita ce ta fi ba ni tsoro, siminti a kan ƙasa riƙe danshi yake, waje fes ciki yana rugurgujewa. Ka ƙwanƙwasa da bayan hannu in ka ji yana amsawa kamar ganga to ya saki. Ɗaga kai ka soki azara da ƙusa ka ga ko gara ta ci, duba gindin bango, duba ina indararo yake zuba, ina kwata take bi, don wata ta cikin gidan maƙwabci take wucewa kuma ran da kuka saɓa ya toshe. Bangon ma ka tambaya naka ne ko na haɗaka.

In kuma niyyarka ka rushe ka yi bulo, to lissafinka ya canza. Tifa a bakin titi za ta juye yashi, yara masu baro ne za su shigar maka da shi da bulo da siminti, su kuma fitar da ƙasar da ka rushe, duk kuɗi ne. Wani abu kuma, ka tambayi tsofaffin unguwar ko wajen tsohon kududdufi ne aka cike. Kuma duk araha kada ka sayi abin da ya hau badala (ganuwar birni) ko filin gwamnati, ka ga dai rusau ɗin da aka yi a filin Idi a 2023.

Dan_Kwari:
Allah ya saka da alheri. Baba, na kira dillalin yanzu, ya ce takardar mai unguwa ce kawai a hannunsu, ba a je kotu ba, wai su takwas ne kuma ɗaya tana Legas amma ta yarda ta waya. Magini zan neme ka in damina ta kankama.

Baba_na_Koki:
Yarda ta waya ba yarda ba ce. Ko ta zo, ko ta yi wakili a rubuce da shaidu. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai sun je kotu an raba, in an gama ciniki kuma ka sa lauya ya rubuta, ka kai KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, a fara maka neman takardar mallaka. Wace shiyya ce a Yakasan? Ina da mutane a can, sai in sa a tambayo mana asalin gidan.