Gunki ko mutum-mutumi? A taya ni tsai da magana

Jama'ar Garwa, Marwa da Kusiri, salamu alaikum. Kalma ɗaya nake nema.

Jiya bayan isha'i muna kan tabarma a ƙofar gida, ƙanena ya miƙo min waya. Hoton Faranko ne, makaɗin Kwango da ya rasu a 1989, an ƙera surarsa an kafa a unguwar Matonge ta Kinshasa. Baffa ya leƙo ya ce mene ne wannan. Yaron ya ce, "Baffa, gunkin wani mawaƙi ne." Tsoho ya ja tsaki, ya ce a'uzu billahi, ya ture wayar da bayan hannu ya koma kan carbinsa. Hira ta mutu nan take.

Ni kuwa na kwana ina juya abin. Laifin kalmar ne, ba na Faranko ba. Gunki abin bauta ne, wanda ake durƙusa wa, a yanka masa kaza. Wa ke yanka wa makaɗi kaza a tsakiyar titi? Mutanen Alƙahira sun kafa surar mawaƙiya Ummu Kulsum a unguwar Zamalek, kusa da inda gidanta yake a da, ga masallatai ta ko'ina, ban ji an ce suna bauta mata ba. Hukuncin sassaƙa sura kuma na malamai ne, ba shi na zo yi ba. Amma duk wanda ya ce gunki ya riga ya yanke hukunci tun kafin a buɗe baki.

Mu nan da Faransanci ya cika mana baki, sai mu ce "moniman" mu wuce. Matsalar ita ce moniman buhu ne, hasumiya ma moniman ce, tsohon gini ma haka.

Saura mutum-mutumi. Na san abin da za ku ce. Shi ne sandar nan da muke sa wa tsohuwar riga da malafa a gonar dawa don korar tsuntsaye, yanzu kuma 'yan jarida sun ɗora wa na'urar nan mai aiki kamar mutum. Wani abokina har ya ce raini ne a haɗa babban mawaƙi da abin tsorata buwa suna ɗaya. Na yi dariya, amma ban yarda ba. Kalmar ta faɗi gaskiya: kamar mutum, ba mutum ba. Ko na mawaƙi Fela da aka buɗe a Ikeja ta Legas a 2017, wanda maƙerin ya bari ba kai, kowa ya gan shi ya san siffar mutum ce.

Don haka ga nawa: mutum-mutumin tunawa. In an ambaci mai shi, a yar da wutsiyar, a ce mutum-mutumin Bob Marley da ke Kingston, shi ke nan.

Na kuma san ko da Garwa za ta kafa wa ɗanta, mawaƙi Ali Baba, da ya rasu a 2004, irin wannan a wani shataletale, ba mai tsayawa furta doguwar kalma. Ce wa mai moto za a yi, "Kai ni Ali Baba," ya ce hau.

Mutanen Injamena, ku me kuke ce masa? Da daddare zan gwada tawa a kunnen Baffa.