Ina son fara cika harsashin fistol da kaina, ta ina zan fara?

Sabon_Hannu:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu cika harsashi da kansu ku taimaka min. Ina da fistol 9mm da lasisina, ina zuwa filin harbi kusan duk sati kuma kuɗin harsashi ya fara cin aljihuna, ga kwanso na tara cikin bokiti ban san me zan yi da shi ba. Wani ya ce min in sayi injin Dillon irin wanda kowane ja ɗaya harsashi ɗaya ke faɗowa in huta, wani kuma ya ce kar in kuskura. Me zan fara saya? Kuma da gaske ne ana samun sauƙin kuɗi ko kawai daɗin baki ne?

Tsohon_Maharbi:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai duba dokar inda kake, don lasisin bindiga daban izinin ajiye albarushi daban. A Amurka dokar tarayya ba ta neman lasisi in don kanka kake cikawa ba sayarwa ba, amma a Jamus sai ka yi kwas ka samu izini na musamman, wasu ƙasashen kuma haramun ne gaba ɗaya. In an hana to magana ta ƙare.

In an yarda, abin da za ka fara saya littafi ne ba inji ba. Lyman ko Hornady ko Lee, ka samu biyu ma don ka riƙa gwada abin da wannan ya ce da na wancan. Ka karanta babukan farko duka kafin ka taɓa albarushi. Kuma kar ka taɓa ɗaukar awon albarushi daga bakin wani a intanet, har ni ɗin nan, shi ya sa ba za ka ga na rubuta maka lamba ba. Littafi zai ba ka awon farawa da awon ƙarshe na wannan albarushin da wannan nauyin kan harsashin, ka fara daga na ƙasa ka riƙa hawa kaɗan kaɗan.

Inji kuma ni dai ra'ayina mai aiki ɗaya ɗaya, irin Rock Chucker na RCBS ko na Lee mai araha. Za ka matse kwanso ya koma girmansa tsohuwar faraima (ɗan ƙoƙon da ke gindin kwanso mai kunna albarushi) ta fita, ka sa sabuwa, ka ɗan buɗe bakin, ka zuba albarushi, ka zaunar da kan harsashin, ka matse baki. Kowane mataki kana gani da idonka kana ji a hannunka. Shi Dillon ɗin duk waɗannan a ja ɗaya yake yinsu, inji ne mai kyau ba shakka, amma wanda bai san yadda daidai take ba ta yaya zai gane an samu matsala a tasha ta uku ta injin alhali idonsa na kan ta ɗaya?

Abubuwa biyu ne ke raunata mutane. Na farko zuba albarushi sau biyu a kwanso ɗaya, albarushin fistol mai saurin ci ne kuma ɗan kaɗan ake sawa, ninki biyu na iya fasa bindiga a hannunka. Na biyu mantawa da shi gaba ɗaya, faraima kaɗai ta tura harsashin ya maƙale a cikin bututu, ka harba na biyu a bayansa. In ka ji ƙarar ta fito a raunane ko bindigar ba ta ja da baya yadda ta saba ba, tsaya nan take ka cire harsasai ka duba bututun. Maganin duka biyun ɗaya ne, ka jera kwansunan a faranti bayan ka zuba, ka haska tocila ka leƙa kowanne ɗaya bayan ɗaya kafin ka ɗora kai. Ba waya, ba hira, ba talabijin, kuma gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan tebur.

Mai_Libarba38:
Duk abin da Baba ya faɗa haka ne sai dai ni ban ga laifin inji mai juyawa ba, wanda ake ɗaura dayis (ƙarafan da ke yi wa kwanso kowane mataki) duka a kansa, kana iya aiki da shi ɗaya ɗaya har hannunka ya faɗa sannan ka ƙara sauri, ba sai ka sake sayen wani ba.

Abin da nake so ka sani game da 9mm shi ne kwanson ƙarami ne kuma matsinsa babba, ma'aunin SAAMI (ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka) ya kai psi 35,000, psi shi ne awon matsi, kwatanta da .38 Special da ke 17,000. To in ka tura kan harsashin ciki fiye da kima ko ya zame ciki lokacin da yake hawa, wurin da ya rage wa albarushi ya ragu matsi ya yi sama sosai. Don haka kalifa, wato na'urar auna tsawo, dole ne, tsawon harsashin duka kar ya wuce inci 1.169 kuma kar ya gaza abin da littafi ya rubuta wa wannan kan. Matse bakin ma a hankali, ka mayar da buɗewar da ka yi ne kawai, don 9mm a kan bakin kwanson yake tsayawa a cikin bindiga, ba irin na libarba ba da ake lanƙwasa bakin ciki. Ka cire bututun bindigarka ka jefa harsashin ciki, ya shiga da kansa ya faɗo da kansa in ka kifa.

Sikeli kuma da giren ake awo ba giram ba, giram ɗaya giren 15.4 ne, ka tabbata sikelinka na kan giren kafin ka fara wallahi wannan ba abin wasa ba ne.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai Baba, na gode yayana. To kwansunan da na tara duk za su yi? Kuma maganar kuɗin fa ba wanda ya taɓa ta.

Mai_Libarba38:
Ba duka ba. Na tagulla kaɗai, na ƙarfe da na alminiyam ka ware, maganaɗisu zai tsamo maka na ƙarfen. Ka leƙa ciki, rami ɗaya a tsakiya shi ne Boxer shi ake so, ramuka biyu Berdan ne zai karya maka allurar dayis. Mai tsaga a baki ko kumburi a gindi ka jefar, kuma ka kula da .380 da ke ɓuya cikin 9mm don sun yi kama sosai.

Kuɗi kuwa gaskiya a 9mm ribar kaɗan ce tunda yana cikin mafi araha a kasuwa, sai ka cika da yawa kafin kayan aiki su biya kansu, a .45 ko .357 ne ake ganin bambanci da wuri.

Tsohon_Maharbi:
Ƙari ɗaya ɗana, tabarau na kariya duk lokacin da kake sa faraima, kuma ka wanke hannu da sabulu in ka gama don akwai dalma a faraima da ƙurar wanke kwanso, kar ka yi aikin inda yara ke wasa. Faraima ka bar ta a kwalinta na asali nesa da albarushi. Ka cika goma kawai a karon farko, ka rubuta awon da ranar a jikin kwalin, ka je ka gwada ka dawo ka gaya mana yadda kwansunan suka fito.