Mun saka na'urar tausasa ruwa, zartsin ya dawo: wa ya taɓa fuskantar haka?

Maigida daga Sakkwato:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni. Ruwan burtsatsen gidanmu mai zartsi ne, ba kuma abin mamaki ba ne a nan, tunda dutsen farar ƙasa ne a ƙarƙashinmu, shi ne ma ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Sabulu ba ya kumfa, butar lantarki ta yi farin ɓawo a ciki, kan shawa kullum a toshe. Shi ya sa na sa aka haɗa mana na'urar tausasa ruwa, irin mai dogon tulu da tankin gishiri a gefe. Da farko komai lafiya lau, har uwargida tana sa albarka. Yanzu ruwan ya koma gidan jiya. Gishirin yana nan yadda aka zuba shi, bai ragu ba, ruwan cikin tankin gishirin kuma sai hawa yake yi. Wanda ya haɗa ya zo ya danna maɓallai ya ce na'urar ƙalau take. To ina matsalar?

Mai aikin famfo, Kano:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a ɗora wa na'ura laifi, duba abu biyu a bayan kanta. Akwai bawul ɗin kewaye, wanda idan an juya shi ruwa zai wuce cikin gida ba tare da ya shiga tulun ba. Na sha zuwa gida in tarar yaran aiki sun juya shi lokacin gwaji sun tafi abinsu. Sannan akwai kibiyoyi biyu, ta shiga da ta fita. Bi bututun da hannunka ka ga ko an haɗa su daidai. Amma tunda ka ce ta yi aiki da farko, zuciyata ba ta kan waɗannan. Faɗa mini, daga ina ruwa ke zuwa mata? Daga tankin sama? Tsawonsa nawa daga ƙasa?

Maigida daga Sakkwato:

Bawul ɗin daidai yake, kibiyoyin ma haka. Daga tankin sama ne, yana kan ƙarfe, zai kai mita 5 ko 6.

Mai aikin famfo, Kano:

To ga ta nan. Abin da ke cikin tulun nan ƙwayoyin rezin ne, ƙanana kamar ƙwan kifi. Su ke kama kalsiyam da magniziyam da ke sa ruwa zartsi, su saki sodiyam a madadinsu. Sabon rezin da ƙarfinsa yake zuwa, shi ya sa ka ji daɗin makonnin farko. Idan ya cika, dole na'urar ta wanke shi da ruwan gishiri, kuma ba ta da injin da zai ja ruwan gishirin. Wani ɗan siririn maƙogwaro ne a cikin kanta, gudun ruwan da ke bi ta cikinsa shi ke zuƙo ruwan gishirin daga tanki. Idan ruwa ba shi da ƙarfi, ba zuƙa. Sai ta gama zagayenta tsaf, allo ya nuna an yi wanki, ta kuma ƙara ruwa a tankin gishiri kamar yadda aka tsara mata, alhali wanda ta zuba a baya yana nan. Shi ya sa kake ganin ruwa yana hawa, gishiri ba ya sauka.

Lissafin mai sauƙi ne. Kowace mita 10 ta tsawon tanki tana ba da ƙarfin ruwa kusan 1 a ma'aunin da ake kira bar. Naka bai wuce 0.6 ba. Yawancin waɗannan na'urori suna son abin da ya kai 1.5 zuwa 2, ka duba littafin taka za ka gani. An ƙera su ne don gidajen da ruwan gwamnati ke shigowa da ƙarfinsa, ba don tankin kan ƙarfe ba. Gwada wannan: sa ta wanki da hannu, ka jira ta kai matakin jan gishiri, ka zare ɗan siririn tiyon da ke zuwa tanki ka ɗora yatsa a bakin. Idan ba ka ji yana tsotsar yatsan ba, magana ta ƙare, sai injin ƙara ƙarfin ruwa tsakanin tanki da na'ura.

Injiniya, Kaduna:

Na yarda da ganewar Malam, amma ni ban sayi wani inji ba. Na'urar tawa na sa ta tsakanin sumo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin burtsatse, da tankin sama, saboda sumo yana da ƙarfin da ake nema, kuma duk abin da ya hau tanki tausasshe ne. Sharaɗinsa dai shi ne sai sumo yana aiki za ta iya wanki, don haka na kashe wankin dare, ina sa ta da kaina ranar da nake gida.

Mai aikin famfo, Kano:

Yana yi, Injiniya, ga wanda zai tsaya a kai irinka. Wankin yana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar jan gishiri, ruwan gishirin nan yana cikin tulu, kuma da zarar an kunna sumo zai iya hawa tanki. Sannan sumo mai ƙarfi yana tura ruwa fiye da yadda ƙaramin tulu zai iya tausasawa. Gidan da yara da masu aiki ke kunna sumo, ba na ba da wannan shawara.

Uwargida, Gombe:

Mu tamu matsalar agogo ce. An saita ta ta yi wanki ƙarfe 2 na dare, lokacin da ba mai buɗe famfo. Da aka ɗauke wuta kwana da wuni, agogon ya rikice, sai ta koma yin wankinta da hantsi, daidai lokacin da muke wanki da girki. Ashe duk lokacin da take wanke kanta, ɗanyen ruwa take sakarwa cikin gida. Rannan har da ɗanɗanon gishiri a ruwan da na ɗiba. Maigidan ya jona ta da inbata, wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, tun daga nan shiru.

Wani abu kuma, don Allah kada a zuba mata gishirin miya. Da na ƙwaya ya ƙare mun zuba na buhu mai laushi, sai ya dunƙule a ƙasa ya zama laka, sama kuma ya daskare ya yi rufi. Ka leƙa ka ga tanki cike, ƙarƙashi kuwa rami ne, ruwa ba ya taɓa gishirin. Da muciya na caccake shi ya rufta. Yanzu ba na wuce rabin tanki, musamman da damina da iska ke da laima.

Ɗalibi, Zariya:

Ni fa ina ganin duk yaudara ce. Na gwada ruwan gidan kawuna da ɗan alƙalamin nan mai auna ruwa, kafin na'ura 410, bayan na'ura 420. Me ta cire?

Malamin kimiyya, Zariya:

Ɗana, alƙalamin naka ba ƙarya ya yi ba, tambayar da ba tasa ba aka yi masa. Yana auna jimillar abin da ya narke a ruwa ne. Na'urar kuwa musaya take yi, ta ɗauki kalsiyam ta ba da sodiyam, don haka jimillar ba za ta sauka ba, tana ma iya ɗan hawa. Abin da ake buƙata shi ne kwalbar gwajin zartsi mai ɗigo: ruwan ya yi ja-ja, kana ɗigawa kana ƙirgawa har ya koma shuɗi. Idan babu, zuba ruwa rabin gora, ka sa ɗan sabulun wanka na zahiri, ban da omo, ka girgiza. Tausasshen ruwa kumfa zai tashi ya zauna, mai zartsi kuwa fari zai yi da ɗan gudaji a sama. A kuma gwada famfon sanyi, domin hita tana riƙe da tsohon ruwa sai an ƙarar da shi.

Tunda na shigo, bari in ƙara abin da na ga ana yawan tsallakewa. Na'urar ba ta san ruwanka ba, sai lambar zartsin da aka sa mata. Masu haɗawa da yawa suna barin wadda ta zo da ita daga kamfani. Ruwan da zartsinsa ya haura miligiram 180 a lita ana lissafa shi cikin mai tsananin zartsi. Wasu na'urorin kuma, musamman na Amurka, da ma'aunin giren suke aiki, giren 1 daidai yake da miligiram 17.1 a lita. Wanda ruwansa ke da 300 zai sa kusan 18 ke nan. Tulu mai lita 25 ta rezin, a ruwa irin wannan, zai tausasa kusan lita 4,000 kafin ya buƙaci wanki, kowane wanki kuma ya ci kilo 3 zuwa 4 na gishiri. Gidan da ke shan lita 800 a rana, duk kwana biyar ke nan. Idan buhunka ya yi wata uku bai motsa ba, ba tattali take yi maka ba.

Maigida daga Sakkwato:

Na yi gwajin yatsa, ko alamar tsotsa babu. An sa injin ƙara ƙarfi, an kwashe ruwan da ya taru, an sa ta wanki sau biyu a jere kamar yadda Malam mai aikin famfo ya turo mini. Kumfa ta dawo. Allah ya saka da alheri. Sai dai yanzu mutanen gida suna ƙorafin santsi, wai sabulu ba ya fita a jiki, har mai alwala bayan wanka yana kokwanto.

Mazauniyar Landan:

Alhaji ka kwantar musu da hankali, haka yake. Ruwan nan Landan ma mai zartsi ne sosai, da muka saka tamu na yi ta ɗauraya ina zaton sabulu ne. Fatar ce kawai ba ta da wannan dattin da sabulu da kalsiyam ke haɗuwa su bari. A rage sabulun da ake sa wa, rabi ma ya isa. Abin da zan ja hankali a kai shi ne na sha. A nan al'ada ce a bar famfon kicin ɗaya wanda bai bi ta na'ura ba, don sha da haɗa madarar jarirai.

Malamin kimiyya, Zariya:

Hajiya ta yi gaskiya. Duk miligiram 100 na zartsi da aka cire, sodiyam kusan miligiram 46 ke shiga kowace lita. A ruwa mai 300, kusan 140 ke nan. Ga mai lafiya ba wani abu ba ne idan aka kwatanta da gishirin da ke cikin miya, amma mai hawan jini ko ciwon ƙoda da likita ya hana gishiri, da jariri, gara a ware musu. Kuma na'urar ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Burtsatsen da ke kusa da sokawe yana nan da haɗarinsa.

Mai gidan haya, Ilori:

Ni nawa ruwan ja yake yi idan ya kwana a bokiti, kuma na'urar tana raguwa da ƙarfi wata bayan wata. Sannan tiyon da ke zubar da ruwan wankin, yaron ya kai shi gindin mangwaro don kada a yi asara. Ganyen ya fara ƙonewa ta baki-baki.

Mai aikin famfo, Kano:

Yaya, cire tiyon nan yau, ruwan gishiri ne kake ba bishiyar. Kai shi kwata, kada ya lanƙwashe a hanya, kada kuma bakinsa ya nutse cikin ruwan kwatar, a bar tazara kamar yatsa biyu ko uku don kada ƙazanta ta koma ciki. Jan da kake gani ƙarfe ne a ruwan. Yana manne wa rezin ya rufe shi, gishiri kaɗai ba ya fitar da shi duka. Idan kaɗan ne, akwai maganin wanke rezin da ake zubawa a tankin gishiri, sai a ƙara yawan wankin. Idan bokiti yana yin ja sosai, sai ruwan ya fara shan iska a tanki ya kwanta, ya bi ta matatar yashi, sannan ya iso na'urar. Ka kai samfurin ruwan a auna ƙarfen kafin ka kashe ko sisi, ka turo mana lambar.